MURYAR ƊAN ADAM DA MURYAR NA'URA: Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai





Da farko ina roƙon gafarar malamaina, domin tsayuwar almajiri a gaban malamansa da sunan zai yi bayani abu ne mai nauyi. Ni ba shehun malami ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne a sashen tsare-tsare da ƙididdiga, kuma ɗan abin da na sani na Fiziks a nan makarantar na fara tsintarsa kafin in je jami'a in ƙara. Da Sakataren ƙungiya ya ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, sai na zaɓi wannan batu: yadda masana suke ƙoƙarin sa na'ura ta yi magana kamar mutum, da dalilin da ya sa abin ya gagare su shekaru fiye da 200. Larura ce ta gida ta kai ni ga wannan karatu, kuma da ita zan fara.

ABIN DA YA JAWO

Mahaifina tsohon hedimasta ne na firamare. Waɗanda suka taɓa kai mini ziyara gida lokacin hutu sun san shi, mutum ne da in ya yi gyaran murya a zaure sai an ji a ƙuryar gida. A shekarar 2018 muryarsa ta dushe. Muka ce mura ce, aka shiga ba shi zuma da citta da lemun tsami. Sai da aka yi wata takwas ana haka kafin mu kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, aka duba aka ce ciwon daji ne a maƙwallato, kuma ya riga ya yi nisa. A 2019 aka yi masa aiki aka cire maƙwallaton gaba ɗaya. Alhamdu lillahi an ceto ransa, yana nan da rai har yau, amma ta wata 'yar kafa a wuya yake numfashi, kuma murya ta tafi.

Baba yana iya rubuta abin da yake so a takarda, to amma Inna ba ta yi boko ba. Mutanen da suka yi shekara 40 suna hira, sai ga shi ba su iya gaisawa sai an sami yaro ya karanta. Saboda haka muka sayo masa wata 'yar na'ura mai batir da ake dannawa a gefen wuya. Tana yin ƙugi, shi kuma ya motsa harshe da leɓe, sai ƙugin ya zama kalmomi. Irin wadda muka samu sautinta ɗaya ne, ba hawa ba sauka. Wata rana ya ce da Inna, "An biya kuɗin makarantar yara?" yana nufin jikokinsa biyu da ke hannunsu. Ita kuwa ta ji kamar ya ce an biya, ta yi godiya. Bayan mako biyu aka koro yaran. Kalmomin duk sun fito daidai, amma ɗan ɗagawar murya da ke mayar da magana tambaya babu ita. Daga ranar nan na fara neman sanin abin da ke cikin muryar mutum wanda na'ura ta rasa.

MIƘAƘƘEN LAYI

Ina so 'yan ajinmu su tuna ɗakin gwaje-gwaje na can bayan ofishin malamai. Akan ba mu sifirin mu rataya masa nauyi: giram 50, giram 100, giram 150, muna auna yadda yake miƙewa, sa'an nan mu zana a takardar giraf. In ka ninka nauyi, miƙewar ta ninka, ɗigo ya bi ɗigo a layi ɗaya miƙaƙƙe. Wannan ita ce dokar Robert Hooke, wadda ya bayyana a 1678. Haka lissafin kasuwa yake: kuɗin mudu biyu ninkin kuɗin mudu ɗaya ne. Masana suna son irin wannan lissafi domin yana da sauƙin warwarewa, kuma ana iya raba matsala gida-gida, a warware kowane gida, a haɗa amsa.

Amma malaminmu na Fiziks, wanda nake hangowa a sahun gaba, Allah ya ƙara masa lafiya, ya sha gargaɗinmu da abu biyu. Na ɗaya, in ka cika wa sifirin nauyi zai daina bin layin, har ya ƙi komawa yadda yake. Na biyu, in za ka gwada ƙarfen lilo da ake ɗaurewa da zare, kada ka ja shi da nisa, domin lissafin da aka ba mu na ƙaramin lilo ne kawai. Ranka ya daɗe, yau zan tona asiri: duk lokacin da ɗigo ya kauce wa layi, goge shi muke yi mu matso da shi, don mu ci maki. Bayan shekaru na gane cewa yawancin al'amuran halitta ba sa bin miƙaƙƙen layi sai a ɗan taƙaitaccen wuri, kuma muryar ɗan Adam tana cikin waɗanda suka fi kaucewa.

TARIHI A TAƘAICE

Sha'awar ƙera abin da zai yi magana ta daɗe. A 1791 wani mutumin ƙasar Hungari mai suna Wolfgang von Kempelen ya buga littafi a birnin Viyana a kan injin maganarsa. Ya sa zugazugi irin na maƙera a madadin huhu, da ɗan siririn abu mai kaɗawa a madadin maƙwallato, da wani mazurari mai laushi da ake sarrafawa da hannu a madadin baki. A 1939, a bikin baje kolin duniya na birnin Niyok, Homer Dudley na ɗakin binciken kamfanin waya na Bell ya nuna wata na'urar lantarki mai suna Voder. 'Yan mata ne suke sarrafa ta da yatsu da ƙafa, bayan horo na watanni masu yawa.

Babban ci gaba ya zo a 1960, lokacin da Gunnar Fant na ƙasar Suwidin ya buga littafinsa a kan yadda sautin magana yake samuwa. Ya raba aikin gida biyu. Gida na farko shi ne tushe, wato tantanin maƙwallato, kamar yadda malamin Hausa ya koya mana a darasin tsarin sauti. Tantani biyu ne, tsawonsu kamar santimita 2 a wurin namiji, suna buɗewa da rufewa kamar sau 120 a daƙiƙa ɗaya a muryar namiji, kamar sau 220 a ta mace. Gida na biyu shi ne bututun da ya taso daga maƙwallato zuwa leɓe, mai tsawon kusan santimita 17 a babban namiji. Bututun nan yana ƙarfafa wasu sassan sautin ya danne wasu, kuma in ka motsa harshe ka canja siffarsa, sai "a" ta koma "i" ko "u". Wanda ya taɓa kallon mai busa algaita ya ga misalin: ɗan karan da ke bakinsa shi ke kaɗawa, jikin algaitar kuma ya gyara sautin.

A lissafin Fant an ɗauka cewa tushe yana aikinsa shi kaɗai, bututu yana nasa shi kaɗai, kuma bututun yana bin miƙaƙƙen layi. Wannan zato ya yi amfani ƙwarai. A kansa ne masana a Japan da Amurka, irin su Fumitada Itakura da Bishnu Atal, suka gina dabarar hasashen sauti a ƙarshen shekarun 1960: a auna sauti sau 8,000 a daƙiƙa, a ɗauki awo kamar 10 da suka wuce, a ninka kowanne da wani adadi, a tara, sai a sami hasashen awo na gaba. Da 'ya'yan wannan dabara ne wayar GSM, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, take matse magana ta aika. Ashe duk mun yi amfani da lissafin Fant ba mu sani ba.

Haka nan Dennis Klatt na jami'ar MIT a Amurka ya gina na'urar da ke karanta rubutun Turanci, wadda aka fitar kasuwa da sunan DECtalk a 1984. Shahararren masanin Fiziks ɗin nan na Ingila, Stephen Hawking, ya rasa muryarsa a 1985 bayan an yi masa aiki a maƙogwaro, kuma muryar da duniya ta san shi da ita har rasuwarsa a 2018 daga aikin Klatt ta samo asali. Shi kansa Klatt ciwon daji ya ci muryarsa kafin ya rasu a 1988. Duk wanda ya taɓa jin Hawking ya san ana fahimtar kowace kalma, amma ba mai cewa mutum ne ke magana.

INDA LAYIN YA KARYE

To, me ya rage? Masu bincike sun gano wurare da dama da murya ta saɓa wa miƙaƙƙen layi. Zan kawo guda biyar.

Na farko, haihuwar sautin kanta. Iskar da ke fitowa daga huhu a miƙe take fitowa, ba ta bugawa. Abin da ke bin miƙaƙƙen layi ba ya iya mayar da miƙaƙƙiyar iska ta zama bugu 120 a daƙiƙa, abin da aka zuba masa shi yake fitarwa, sai dai ya ƙara ko ya rage. Janwillem van den Berg na ƙasar Holan ya bayyana yadda abin yake a 1958. Iska tana taruwa a ƙarƙashin tantanin ta tura su su buɗe, ƙasansu ya riga samansu. Iskar ta wuce da gudu, matsinta ya ragu, tantanin su dawo da ƙarfin danƙonsu su yi karo su rufe, sai a sake daga farko. Duk yaron da ya taɓa hura balan-balan ya ja bakinta ta yi ƙara ya gwada wannan. Kuma akwai iyaka: in matsin iskar bai kai wani mizani ba, babu sauti ko kaɗan, da ya kai sai sauti ya ɓarke gaba ɗaya. A 1972 Kenzo Ishizaka da James Flanagan suka kwaikwayi wannan a kwamfuta. Suka wakilci kowane tantani da nauyi biyu, na ƙasa da na sama, an ɗaure su da sifirin da ke ƙara tauri in an ja shi, ya kuma ƙara tauri in an yi karo. Da aka hura masa iskar lissafi, sai ya kama kaɗawa da kansa. Wato irin sifirin ɗin da muke goge ɗigonsa shi ne ya yi aikin.

Na biyu, babu bugu biyu da suke daidai da juna. A lafiyayyar murya kowane bugu yana ɗan bambanta da na gabansa a tsawo da ƙarfi, bambancin tsawon yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ba mu lura da shi, amma da an cire shi kunne zai ce wannan inji ne. Na'urar Baba tana bugawa daidai wa daida kamar agogo, shi ya sa take ƙugi kamar ƙudan zuma.

Na uku, tsalle. Ku tuna shekarar da muke aji uku na ƙaramar sakandare, yaro yana karanta labarai a asambuli sai murya ta kufce masa ta yi sama, jama'a su fashe da dariya. Ɗan canji kaɗan a jijiya ya jefa muryar daga wani hali zuwa wani, ba tare da ta bi ta tsakiya ba. Wani lokaci kuma bugu ya riƙa zuwa babba da ƙarami, babba da ƙarami, sai sautin ya faɗo da rabi, wani lokaci ya rikice gaba ɗaya. Famfon da ke ɗiga yana yin haka: a hankali ɗis, ɗis, in ka ɗan ƙara buɗewa ya koma biyu-biyu, in ka ƙara ya hargitse. A shekarun 1990 Hanspeter Herzel na Jamus da Ingo Titze na Amurka da abokan aikinsu sun nuna irin waɗannan tsalle-tsalle a kukan jarirai da kuma muryar masu ciwon maƙwallato.

Na huɗu, iskar da ke cikin baki ba ta tafiya salin-alin. Herbert Teager da matarsa Shushan sun auna gudun iska a cikin bakin mai magana da wata siririyar waya mai zafi, suka ga tana manne wa gefe ɗaya, tana yin ƙananan guguwa. Sautukan "s" da "sh" da "h" daga hargitsin iska suke fitowa.

Na biyar, tushe da bututu ba sa rabuwa yadda aka zata. Matsin iskar da ke cikin bututun yana komawa ya shafi kaɗawar tantanin, musamman in murya ta yi sama. Wannan na cikin dalilan da suka sa injunan farko suka fi wahala da muryar mata da yara.

YADDA AKA ƁULLO WA ABIN

Da injiniyoyi suka ga lissafin ya yi wuya, sai suka yi wayo. Suka ce a ɗauki muryar mutum na gaske na sa'o'i da yawa, a yayyanka ta ƙanana, in ana son sabuwar jimla a zaɓo gutsattsarin da suka dace a jona. Andrew Hunt da Alan Black sun bayyana wannan hanya a 1996 suna aiki a Japan. In an yi sa'a maganar takan fito da kyau, in ba a yi ba a ji wurin ɗinkin. Bayan haka Keiichi Tokuda da mutanensa a birnin Nagoya suka fito da hanyar ƙididdiga, wadda ke ɗaukar matsakaicin yadda ake furta kowane sauti. Ita ba ta da ɗinki, amma da yake matsakaici take ɗauka, sai ta goge 'yan kauce-kaucen nan, murya ta fito kamar an toshe baki da tsumma.

A watan Satumba na 2016 kamfanin DeepMind na Landan ya fito da WaveNet. Tunanin iri ɗaya ne da na Itakura da Atal, wato a hasashi awo na gaba daga waɗanda suka wuce. Bambancin shi ne tana duba dubban awo a baya, tana fitar da awo 16,000 na kowace daƙiƙa ɗaya bayan ɗaya, kuma lissafin yana bi ta hawa-hawa na wata raga mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A kowane hawa an sa abin da ke lanƙwasa lissafin da gangan. Da babu wannan lanƙwasa, hawa 100 da hawa ɗaya duk ɗaya ne, domin miƙaƙƙen layi a kan miƙaƙƙen layi miƙaƙƙe ne. Sa'an nan ba amsa ɗaya take bayarwa ba, takan ce ga yiwuwar kowane awo, sai a yi ƙuri'a a ɗauki ɗaya, don haka bugu biyu ba sa zuwa daidai. Da aka ba mutane su saurara su ba da maki cikin 5, muryar mutum a Turanci ta sami 4.55, WaveNet ta sami 4.21, tsohuwar hanyar yanka da jonawa ta sami 3.86. An koyar da ita da magana ta kusan sa'o'i 25 a Turanci da kusan 35 a Sinanci, wanda shi ma harshe ne mai karin sauti kamar namu. A 2017 aka ƙara mata sauri sau 1,000 aka sa ta a wayoyi. A watan Janairu na 2023 kamfanin Microsoft ya sanar da VALL-E, wadda ke kwaikwayon muryar mutum daga maganarsa ta daƙiƙa 3.

Sai dai a lura, waɗannan ragogi ba su san akwai wani abu wai shi tantanin maƙwallato ba. Koyo suke yi daga abin da aka ba su, abin da ba su ji ba kuwa ba su iya shi. Shi ya sa likitoci har yanzu suke bukatar lissafi irin na Ishizaka da Flanagan, wanda ke bayyana dalili.

INA HAUSA A CIKI?

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Hausa tana da karin sama da karin ƙasa da faɗau, tana da dogon wasali da gajere, amma rubutunmu na boko ba ya nuna ko ɗaya. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya rubutunsu ɗaya. Haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, da "gari" na mutane da "gari" na tuwo. "Ya tafi" tana iya zama labari, tana iya zama umarni. Bahaushe yana ganewa daga abin da ke kewaye da kalmar, amma na'ura sai an koya mata. Makaɗin kalangu ya san darajar karin sauti tun kafin a ƙera kwamfuta, domin da shi kaɗai yake kiran sunan mutum a gane.

Bugu da ƙari muna da tunkuɗau, wato "ƙ" da "ts", waɗanda ake rufe maƙwallato a tunkuɗo shi sama kafin a furta su. Muna da "ɓ" da "ɗ" da "'y", waɗanda masana harshe suka lura cewa tantanin yana matsewa a wajen furta su, bugun ya rikice na ɗan lokaci. Wato abin da Bature yake ɗauka ado ne na murya, a wurinmu shi ke raba "ɓata" da "bata", ya raba "ɗaki" da "daki".

A 2023 na nemo wani tsohon kaset na bikin yayata na 1998, inda Baba ya yi jawabi na minti 18. Ni da wani abokina muka tsabtace sautin muka ba wata manhaja mai kwaikwayon murya, muka rubuta mata gaisuwa da Hausa. Da muka kunna, sai da tsigar jikina ta tashi, domin kaurin muryar nasa ne. Amma karin ya karkace, "ƙ" ta koma "k", "ɗ" ta koma "d". Inna ta saurara har sau biyu, ta ce, "Muryar Malam ce, amma kamar ya yi shekara ashirin a ƙasar waje." Baba ya yi murmushi ya rubuta a takarda, "A bar shi tukuna." Manhajar ta sha Turanci ta ƙoshi, Hausa kuwa ɗanɗano kawai ta yi.

An fara ƙoƙari. A 2022 wasu masu bincike sun fitar da tarin murya mai suna BibleTTS daga karatun Littafi Mai Tsarki a harsunan Afirka 10, har da Hausa. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da muryoyin na'ura a harsuna fiye da 1,100, Hausa na ciki. Shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryar duk mai son bayarwa kyauta, kuma akwai Hausa. Amma yawancin abin da aka tara karatu ne na mutum a zaune a natse. Hirar tsakar gida, da cinikin kasuwa, da Sakkwatanci da Katsinanci da Zazzaganci da Hausar Damagaram, duk suna jiran mai tarawa. Da ɗan gari akan ci gari, in ba mu tara ba babu mai zuwa ya tara mana.

Amfanin ba na irin Baba kaɗai ba ne. Akwai makafi da ke son a karanta musu saƙon waya. Akwai iyayenmu da ba su yi boko ba, waɗanda sai sun nuna wa wani saƙon banki kafin su san abin da ke cikin asusunsu. A wurin aikina na ga yadda ake buga sanarwar allurar rigakafi da ta takin zamani a takarda, alhali waɗanda aka yi domin su kunne ne ƙofarsu.

GARGAƊI

Kowane alheri da nasa ƙalubale. A 2019 an ba da rahoton cewa 'yan damfara sun kwaikwayi muryar wani shugaban kamfani, suka sa manajan wani kamfanin makamashi a Ingila ya tura musu Yuro 220,000. Mu mutane ne masu aika saƙon murya dare da rana, kuma mun saba da cewa in ka ji muryar ɗan'uwanka shi ne. Ranar da na'ura ta iya Hausa sosai, ranar ce ɓarawo ma zai iya ta. Saboda haka duk wanda aka kira da muryar wani nasa ana neman kuɗi da gaggawa, ya kashe ya kira lambar da ya sani, ko ya yi tambayar da sai ɗan gida ya san amsarta.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Ya Shugaba, zan rufe da roƙo huɗu.

Na ɗaya, kowannenmu in ya koma gida ya nemi izinin iyayensa ya ɗauki muryarsu. A sami ɗaki marar hayaniya, a kashe fanka, a ajiye waya kamar taƙi ɗaya daga baki, a bar su su ba da tarihin gida ko da na sa'a ɗaya ne. Ni minti 18 kawai na tsira da su, cikin hayaniyar biki. Ina kuma ba da shawarar ƙungiya ta fara da tsofaffin malamanmu da ke zaune a nan, ta ajiye muryoyin a laburaren makaranta. Na ɗauki alkawarin sayen na'urar ɗaukar magana guda ɗaya domin wannan aiki.

Na biyu, malaman Hausa da na kimiyya su haɗa kai su kafa ƙungiyar ɗalibai da za ta riƙa rubuta jimloli tana sa musu alamar karin sauti da tsawon wasali, kamar yadda Bargery ya nuna karin kalmomi a ƙamusunsa na 1934, sa'an nan a karanta su a ɗauka. Ɗalibi 100, kowa jimla 50 a zango, jimla 5,000 ke nan.

Na uku, malamai da muryarsu suke cin abinci, suna magana da aji mai yara 70 ko fiye, cikin ƙurar alli da ta hunturu. Ina roƙon a sa ƙananan lasifika na ratayawa cikin abin da za mu saya wa makaranta bana. Kuma duk wanda muryarsa ta dushe ta wuce mako uku zuwa huɗu ba ta dawo ba, ya je likitan maƙogwaro ya duba, musamman mai shan taba. Likitan Baba ya gaya mana cewa da mun zo da wuri, da wataƙila an yi maganin ba tare da an cire maƙwallaton ba. Wata takwas ɗin nan da muka yi muna dafa citta har yau suna damuna. Rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, ga ƙannenmu ɗalibai. In kun shiga ɗakin gwaje-gwaje ɗigo ya kauce wa layi, kada ku goge shi kamar yadda muka yi. Ku sake awo, in ya sake kaucewa ku kai wa malam ku tambaye shi dalili. Muna bukatar wasu daga cikinku su karanta lissafi da kwamfuta, su kuma riƙe Hausarsu da kyau, domin aikin nan sai wanda ya haɗa biyun.

Da zan taho jiya na gaya wa Baba abin da zan yi magana a kai. Ya danna na'urarsa a wuya ya ce in gaida malamai, in kuma gaya musu su riƙa shan ruwa a aji. Na isar da saƙo.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu da cikin 'yan'uwanmu ɗalibai, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya. Abin da na faɗa daidai daga koyarwarku ne, inda na yi kuskure kuma a gyara mini kamar yadda aka saba.